Fitsari da lakar masai su zama taki? Ku ba ni shawara kafin in tunkari Baba

Ɗan_Aboabo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ina da tambaya, ku yi haƙuri zan ɗan ja ta da tsawo don sai na faɗi mafarin abin za ku gane inda na dosa.

Mahaifina manomin lambu ne a wajen Gyinyase, nan bayan Tek, wato jami'ar KNUST a Kumasi, latas da kabeji da albasa mai lawashi yake yi, tun ban san kaina ba aikinsa kenan kuma da shi ya biya mana kuɗin makaranta mu biyar. Yanzu gwiwa ta fara ba shi matsala, ni ne nake ɗaukar gwangwanayen ban ruwa guda biyu in sauka rafi in hau tun bayan asuba har rana ta ɗaga. Wannan duk ba komai, jiki ya saba. Abin da ya sha mana kai shi ne taki. Tun 2022 da kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi bai dawo inda muka san shi ba, kashin kaji kuma da a da kuɗin mota kawai za ka biya a loda maka, yanzu kowa ya gane amfaninsa, sai ka yi magana da mai gona tun da wuri kuma a sidi, kuɗin Gana, za ka biya, wani lokacin ma ɗanye za a kawo maka haɗe da dusar katako ya ƙona maka shuka.

Toh watan da ya wuce bututun da ke fitar da ruwan wurin fitsari na masallacin layinmu ya toshe, muka taru mu samari muka tone shi. Da muka fasa sai muka ga cikinsa ya cika da wani abu fari-fari mai tauri kaman dutse, sai da muka sa guduma. A bakin bututun kuma inda yake yoyo akwai wani alayyahu da ya fito da kansa ba wanda ya shuka, wallahi ganyensa ya kai faɗin tafin hannuna, kore shar har yana baƙi-baƙi, ban taɓa samun irinsa a lambunmu ba duk da buhun da muke zubawa. Wani yaro da ke karatu a jami'a yana tsaye wurin ya ce ai wannan farin dutsen taki ne, Turawa sayar da shi suke yi, har ma ya ce a nan Gana akwai inda ake mai da abin da motar yashe masai ta kwaso ya zama taki a buhu. Kowa ya yi dariya aka watse amma ni tun ranar abin bai bar raina ba, ina kwance ina lissafin mutum nawa ke shiga wurin nan kullum sau biyar, duk yana tafiya kwata ya gangara rafin Aboabo yana wari a banza, mu kuma muna can muna cin bashi don sayen taki.

Tambayata, da gaske ne ko surutun ɗalibai ne? In da gaske ne, ba zai sa wa mutane cuta ba? Addini ya yarda? Baba mutum ne mai tsantseni, in na je masa da maganar nan ba hujja korata zai yi daga lambun.

Hajiya_mai_wake

Wa alaikumus salam. Kai ɗana ka rufa mana asiri. Shekara goma sha ina sayar da shinkafa da wake a Asawase, latas ɗin da nake yankawa a kai daga hannun irinku yake fitowa, yanzu kuma fitsari za ku fara zuba masa? Wanda kuke ɗiba a rafi ma bai ishe mu ba? Ni na je lambu da ƙafata na ga ruwan da ake ban ruwa da shi, baƙi ƙirin da ledoji a ciki, tun ranar nake wanke ganye sau uku. Jikata ta taɓa kwanciya asibiti kwana huɗu da gudawa da amai, ta koma kaman tsumma a hannuna, wanda bai ga haka ba shi zai ɗauki maganar nan da wasa. Kuma ba mu manta kwalarar 2014 ba, mutum sama da dubu ashirin ta kama a ƙasar nan, yawanci a Ankara, babban birnin Gana.

Ban da cuta ma, ka san halin mutanenmu. Ranar da aka ji cewa latas ɗin wane da fitsarin masallaci ake yinsa, ko kyauta ka bayar ba mai karɓa, ni kuma da nake saye a wurinku tukunyata za ta kwana cike. Ka nemi wata dabarar, Allah Ya buɗa maka ta wata hanya.

Injiniya_Sawaba

Hajiya ina gaisuwa, kuma ban ga laifinki ba ko kaɗan, abin da kika gani a rafi gaskiya ne. Amma a nan ne maganar take, don ƙanina ya haɗa abu uku wuri ɗaya kuma ba ɗaya ba ne: akwai ruwan kwata, akwai fitsari zalla, akwai lakar masai. Na farkon yana da haɗari sosai, kuma shi ne wanda ake zuba wa latas yau ɗin nan ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Bari in fara da abin da shuka take ci. Haruffan nan uku da ke jikin buhu, NPK, naitirojin ne da fosfaros da fotashiyam. Su ɗin ne dai ke cikin tuwo da wake da kifin da muke ci, kuma babban mutum da ya gama girma jikinsa ba ya ajiye su, kusan duk abin da ya shiga fita yake yi. Abin da mutane ba su sani ba, yawancinsu ta fitsari suke fita, wajen kashi 80 cikin ɗari na naitirojin da sama da rabin fosfaros da fotashiyam. Yuriyar da kuke saya fara tas a buhu, sinadarin nan shi ne dai ke cikin fitsari, bambancin kawai ita a masana'anta ake yinta da iskar gas, shi ya sa da gas ya yi tsada kuma yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashi ya haukace har a Gyinyase, tunda kusan duk takin zamaninmu daga waje ake shigo da shi. Ƙwayoyin cuta kuwa, kwalara da taifod da ƙwan tsutsar ciki, mafi yawa a bayan gida suke. Kenan albarkar na gefe ɗaya, cutar na ɗaya gefen, mu ne muke haɗa su da hannunmu mu ƙara musu ruwan wanki da na wanka mu tura kwata.

Farin dutsen da kuka fasa yaron bai yi ƙarya ba. Idan fitsari ya kwanta, fosfaros ɗin cikinsa yakan haɗu da maganiziyam da amoniya ya daskare, ana ce masa sitirubait, yawanci haɗe da wasu gishirin irin na alli. Shi ke toshe bututu a manyan matatun ruwa na duniya, har wasu a Kanada da Amurka suka ga gara su riƙa fitar da shi da gangan su zuba a buhu su sayar. Jamus ta yi doka a 2017 cewa daga 2029 manyan matatunta dole su riƙa ciro fosfaros daga laka, saboda fosfaros haƙo shi ake yi a ƙasa, ba a ƙera shi, kuma wajen kashi 70 na abin da aka sani yana Maroko, ga maƙwabtanmu Togo ma suna haƙa a Hahotoe. Amma kai kar ka ɓata lokacinka a kan dutsen, fosfaros ya kama ya bar kusan duk naitirojin a ruwa, kai kuwa mai ganye naitirojin kake nema.

Lakar masai kuma nan Kumasi aka fara gwada ta da gaske, a Buobai, farkon shekarun 2000, cibiyar binciken ruwa ta ƙasa da ƙasa (IWMI) da KNUST da hukumar birni da wasu masu bincike 'yan Suwizalan suka yi aikin. Yadda ake yi, mota ta juye lakar a kan wani fili da aka shimfiɗa wa tsakuwa da yashi, ruwan ya tsane ta ƙasa, rana ta busar da na sama wajen mako biyu, a kwashe a gauraya da sharar kasuwa irin ɓawon rogo da ayaba da ruɓaɓɓen ganye, kashi ɗaya na laka biyu ko uku na shara, a tara tsibi ana juyawa. Na taɓa cusa hannu cikin irin wannan tsibin da safe, ban iya ƙirga goma ba na zare, tururi na tashi kaman an buɗe tukunyar dambu. Zafin nan shi ne maganin, in ya wuce digiri 50 ya daɗe sama da mako ko'ina a tsibin, ƙwan tsutsar ciki da ke iya shekara a ƙasa yana raye mutuwa yake yi. Bayan wata uku abin da za ka ɗebo baƙar ƙasa ce mai ƙamshin ƙasar damina. Daga wannan aikin aka samu takin da ake kira Fortifer, an buɗe masana'antarsa a Borteyman kusa da Tema a 2017, akwai kuma Safisana a Ashaiman da ke fitar da gas da taki daga shara da lakar masai. Ku tuna shekara da shekaru motoci suka yi suna juye abin nan ɗanye a teku a Lavender Hill, can Ankara. Sai dai wannan ba aikin gida ba ne, kar wani ya ce zai yi a bayan ɗaki, in zafin bai kai ba cuta ka tara.

Abin da za ka iya da hannunka fitsari ne. A tara shi zalla a jarka, irin jarkar Kufuor ɗin nan, ruwan ɗorawa da ake ɗiban ruwa da ita, ta isa, a cika ta a toshe bakin sosai don amoniyar da ke tashi ita ce ke kashe ƙwayoyin kuma ita ce takin, in ta fice ka yi asara biyu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta ce in na jama'a ne kuma ganyen da za a ci ɗanye ne a ajiye shi wata shida, in abin da za a sarrafa ko a ba dabbobi ne wata ɗaya ya isa, sannan a bar wata ɗaya tsakanin zubin ƙarshe da girbi. A ƙasa ake zubawa, ɗan nesa da gindin shuka, a rufe da ƙasa, ba a kan ganye ba. Matsalarku a masallaci ita ce ruwan tsarki, yana tsinka shi ya rage masa ƙarfi kuma zai iya shigo da abin da ba a so, sai an raba musu hanya.

Sannan rafin Aboabo da duk ruwan da ya ratso ta wajen makanikai, baƙin mai da ruwan batir da dalma ke ciki, wannan ba ajiya ko zafin da ke kashe shi, a ƙasa yake zama.

Bamaraɗe_mai_albasa

Salamu alaikum. Ni ɗan Agiye ne cikin jihar Maraɗi, albasa nake kawowa Kwadaso a Kumasi, da na ga maganar nan sai da na yi murmushi don mu wannan ba labari ba ne. Wajen 2009 wani furoje ya zo garuruwanmu da ita, farko mutane sun ƙi, tsofaffi suka ce wane irin abin kunya ne wannan, sai aka sake masa suna aka ce takin ruwa, na bayan gida da ya bushe kuma taki busasshe. Kar ku raina sunan nan, shi ya yi rabin aikin, mace tana iya cewa maƙwabciyarta ara mini bido biyu na takin ruwa ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Daga baya matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya suka ɗauka suna ce masa Oga, suka gwada a gonakin hatsi daga 2014 zuwa 2016 tare da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, aka samu ƙarin amfani wajen kashi 30 cikin ɗari. Mata ne fa da ake ba su gona mafi nisa mafi mutuwa, ba su da kuɗin buhu ko ɗaya.

Innata tana yi har yau. Bido, wato jarka, take ajiyewa a makewayi da mazurari a baki, wasu har tsohon ƙwan lantarki suke ɗorawa cikin mazurarin ya zama marfi, ruwa ya wuce wari bai fito ba. In ya cika ta ɗaure bakin ta ajiye a rana wata biyu ko uku. Da damina in hatsi ya yi kamar mako biyu zuwa uku ta tona ɗan rami gefen kowane gindi ta zuba gwangwani guda ta tura ƙasa da ƙafa, an fi so bayan ruwa ya sauka ƙasa na da danshi. Gonarta da ta ƙanen babana iyaka ɗaya ce, in ka tsaya a kan iyakar ba sai an gaya maka ta wa ce wannan ba, nata karan kauri ga duhun ganye.

Zarni kam akwai shi, ba zan ɓoye maka ba, ranar zubi sai ka ɗaure hanci da rawani, amma in ka rufe da ƙasa kafin la'asar ya tafi.

Hajiya ki yi haƙuri, mu Hausawa ba baƙin taki ba ne. Tun kakanni jakuna ke fitar da shara da toka da kashin dabbobi daga cikin birnin Kano zuwa gonakin karkara su dawo da itace, da haka gonakin nan suka yi ɗaruruwan shekaru ana nomansu ba hutu. Shawarata ga yaron nan kar ya fara da masallaci, ya fara da gidansu, kuma kar ya fara da latas.

Almajirin_Zaure

Bismillah. Kan ɓangaren addini zan ɗan sa baki da abin da muka karanta a gaban malamai.

Fitsari da bayan gidan ɗan Adam najasa ne, wannan ba saɓani, kuma canza masa suna bai canza hukuncinsa ba, in ya taɓa tufa ko jiki sai an wanke kafin salla. Amma tambayar ita ce shukar da ta sha najasa ita ma ta zama najasa? A mazhabarmu ta Malikiyya a'a. Shehu Halil a Muhtasar da yake lissafa abubuwa masu tsarki ya sa shukar da aka shayar da najasa a ciki, domin abin da saiwa ta tsotsa ya juye ya zama wani abu daban, kubewa ce ko masara ba fitsari ba. Hanafawa da Shafi'awa ma a kan haka suke. Hambalawa ne a sanannen zancensu suka hana har sai an shayar da ita ruwa mai tsarki. Abin da ya fantsama a bayan ganye kuwa wannan ya najastu, wankewa ke tsarkake shi, kun ga nan maganar malamai ta haɗu da ta injiniya, a ƙasa ake zubawa. Ko a Saudiyya majalisar manyan malamai ta ba da fatawa a 1978 cewa ruwan ƙazanta in an tace shi har launi da ɗanɗano da warinsa suka gushe ya koma mai tsarki.

Inda aka fi tsanantawa a wurinmu shi ne sayar da ita najasar kanta, asalin mazhaba hani ne, duk da wasu malamai sun yi rangwame a kan taki saboda buƙata. Saboda haka in za ka tara na gidanku ka zuba a gonarku ka fita daga wannan. Kuma kar a jera jarkoki a harabar masallaci inda ake shimfiɗa tabarma ranar Juma'a, wannan ko liman bai yi magana ba bai dace ba.

Abin da na fi jin tsoro shi ne haƙƙin mai ci. Babu cuta babu cutarwa. Wanda ya san sai an ajiye wata shida ya ajiye mako biyu don gaggawa, yaron wani ya kwanta, tsarkin shuka ba zai wanke shi ba. Ka je wa Baba da wannan a natse, in da hali ku tafi wurin limaminku tare, tsoho ya fi jin magana daga bakin sa'ansa.

Tsohon_manomi_Dzorwulu

Ɗana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Sama da shekara talatin ina noman lambu a Ankara ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, masu bincike sun sha zuwa wurinmu, har gwajin fitsari da kashin kaji a kan kabeji an yi a garin nan, don haka na ga abin da idona.

Yana aiki, amma injiniya bai gaya maka nauyinsa ba. Ɗana ya yi mini lissafi, lita ɗaya tana da naitirojin giram 3 zuwa 7, mu ce 5, buhun yuriya mai kilo 50 kuma yana da kilo 23, kenan kafin ka kamo buhu ɗaya sai ka tara lita wajen 4,600, jarka mai lita 25 sama da 180. Mutum ɗaya a shekara wajen lita 500 yake yi. Daga Aboabo zuwa Gyinyase wa zai ɗauka maka? Wane direban turoturo, bas ɗin haya, zai yarda ka shigar masa da ita? In ka ɗauki aboboya, babur mai ƙafa uku na kaya, kuɗin mai ya cinye ribar. Mutanen Maraɗi gonarsu na bayan gari kuma suna da amalanke, ba ɗaya ba ne da mu.

Na biyu gishiri. Na taɓa ɗokin abin na zuba wa kabeji fangali huɗu ban sirka ba, da rani, ƙasa a bushe, kuma kusa da gindi, kwana biyu gefen ganyen ya ƙone ya naɗe kaman an bi shi da wuta, ƙananan suka mutu, na tsaya ina kallonsu hawaye na zubo mini don kuɗin irin ma bashi ne. Laifina ne ba na kowa ba. In shuka ƙarama ce ka sirka ɗaya da ruwa uku zuwa biyar, ka bi da ban ruwa, kuma kar ka daina sa kashin kaji don fitsari ba ya gyara jikin ƙasa, ci ne kawai na yau. Latas kuma daga dashe zuwa cira wata ɗaya ne da 'yan kwanaki, in za ka bar wata guda kafin girbi ka ga sau ɗaya kawai za ka zuba, wajen dashe. Ya fi dacewa da masara da kuɓewa da gauta da ayaba.

Takin buhun nan na laka kuwa na gwada, yana da kyau, ƙasa tana laushi tana riƙe ruwa, amma a hankali yake aiki, amfaninsa sai shuka ta biyu ta uku. Mu kuma filin ba namu ba ne, gobe ana iya zuwa da katafila a ce za a yi gini, shi ya sa manomin birni ke son abin da zai gani cikin mako biyu. In Babanka ya ƙi kar ka ɗauka duhun kai ne, wannan lissafin yake yi.

Injiniya_Sawaba

Baba tsohon manomi, na karɓi gyara, maganar ɗauka gaskiya ce kuma ita ta kashe irin wannan aikin a wurare da yawa. Abin da zan ƙara, ba dole daga gida za a kawo ba, manoma nawa ne ke yini a lambun, a kafa wuri ɗaya da zana a gefe da jarka, ba kuɗin mota.

Hajiya kuma tunda ruwan rafin bai daina zuwa kan latas ba, ga abin da aka gwada a Kumasi da Ankara aka ga yana rage cuta: manomi ya bar ruwan ya kwanta a rami kar ya shiga da ƙafa ya dama, don ƙwan tsutsa ƙasa yake zama, ya sauke gwangwani ƙasa-ƙasa da marfinsa mai huji kar laka ta fantsama, ya ɗaga ban ruwa ko kwana biyu ne kafin cira. Ke kuma ɗan gishirin da ake barbaɗawa a ruwa ba ya yin wani abin kirki, ki ware ganyen ɗaya-ɗaya ki wanke a ruwan famfo mai gudu, ki jiƙa a ruwan binega mai ɗan ƙarfi wasu mintuna, kuma kar roba ɗaya ta wanke na safe ta wanke na rana. Kabeji a cire ganyen waje a zubar.

Hajiya_mai_wake

Na ji, binega zan ƙara, Allah Ya yi albarka. Amma ni dai a kan latas ban yarda ba har yanzu. Masara da ayaba ku je ku yi.

Ɗan_Aboabo

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah Ya saka da alheri. Hajiya na yi miki alkawari ba zai taɓa latas ba.

Jiya bayan isha na karanta wa Baba duka, ya yi shiru har na ɗauka ya yi barci, da na zo wurin kabeji fangali huɗu sai ya ce a sake karanta masa, ya ce wannan mutumin manomi ne. Bai ce eh ba, amma ya ce akwai layin masara biyu da ayaba uku a ƙarshen lambu wajen da ba ma ɗiban ruwa, in je in yi abin da zan yi a can, sharaɗinsa kar in shigo masa da jarka cikin gida kuma in ware kayan aiki da na salla. Na samu jarka uku na wanke, gobe zan kafa zana a lambun, layi ɗaya zan zuba ɗaya in bari don mu ga bambanci da idonmu. Maganar masallaci na ajiye ta tukuna.

Yaya na Maraɗi dan Allah gwangwanin da Inna take aunawa da shi wane iri ne, na madara ko na tumatir babba? Kuma in an yi kwana biyu ba ruwan sama, in jiƙa ƙasar tukuna ko in zuba in bi da ruwa?